Bugu Biyu Da Ƙarfe Biyar

A garinmu ba a duba agogo don a san biyar ta yi. Lasifikokin da hukuma ta ɗaura a kan turakun wuta, tun daga bakin teku har gindin dutse, su ke sakin kiɗa kowace yamma, wai don a tabbatar suna aiki kafin ranar da ƙasa za ta girgiza, kuma don yara su bar wasa su koma gida. Yaran dai sun ƙare, sai tsofaffi da karnukansu, amma kiɗan bai taɓa fashi ba, ko ranar da dusar ƙanƙara ta rufe hanya.

Wasu garuruwan waƙar yara ake sa musu. Mu kuwa ta ƙungiyar mawaƙan nan Ruwan Talata aka sa mana, don su huɗun 'yan garin nan ne, mawaƙinsu ma ɗan mai gyaran kekuna ne na kusa da tasha. Lokacin da suke koyon jita a rumbun shinkafar wani, ƙararsu ake kaiwa wurin 'yan sanda, ana cewa sun hana kaji yin ƙwai. Da suka tafi Tokyo da gashinsu da bai san mataji ba, suka yi suna, suka cika filayen wasa, suka gaji da juna suka watse, sai garin ya tuna ashe 'ya'yansa ne. Har hotonsu aka manna a tasha, kusa da na kifin da muke taƙama da shi.

Waƙar da aka ɗauka ita ce "Kada Ka Rako Ni". Ba ita ta fi sayuwa ba, amma duk wanda ya taɓa tsayuwa a cunkoson wasansu ya san ita ce tamu. Labarin mutum ne da zai shiga jirgin ƙasa na safe ya bar garinsu, yana roƙon wani kada ya zo tasha. A tsakiyarta akwai inda mawaƙin yake cewa "in kana nan", sai komai ya ɗauke, jita da ganga da murya. A faifai shiru ne kawai. A wurin wasa kuwa, masu kallo ne suke cike shirun da tafi biyu. Ba wanda ya kafa wannan doka, su ma ba su roƙa ba, haka aka tarar ana yi. Wanda ya mayar da waƙar kiɗan ƙararrawa don lasifika, ko wane ne shi, namu ne, don ya bar shirun yadda yake.

Yayana Shuzo ne ya koya min tafin. Ina 'yar sakandare ya ce wa Mama zai kai ni in ga jami'a a Sendai. Jami'ar kuwa wani ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa mai warin taba da gumi, mutane sun cushe kamar kifi a gwangwani. Kafin a fara ya sunkuyo ya yi min ihu a kunne.

"Chizu, saurara. In sun ɗauke, kada ki yi sauri. Ki jira har shirun ya fara yi miki ciwo, sannan ki tafa."

Na ce na ji. Da aka zo wurin suka ɗauke, ɗakin ya yi tsit, sai ga tafi biyu su kaɗai, tas, tas, kafin na kowa. Nawa ne. Wani ya tuntsire da dariya daga baya, mai ganga ma sai da ya murmusa. Yaya ya ja hularsa ya rufe fuska. A jirgin dawowa bai bar ni na sarara ba, har da ce wa tsohuwar da ke zaune kusa da mu, "Gwaggo, wannan ba ƙanwata ba ce, a tasha na tsince ta." Ni kuma ina harbin ƙafarsa ta ƙasa.

Daga ranar muka samu abin gardama. Ni na fi son "Wankin Da Bai Bushe Ba", shi ya ce waƙar 'yan mata masu kuka ce. Shi yana yabon "Kare A Kan Gada", na ce hayaniya ce aka yi wa suna. Mukan yi ta yi a kan abinci har Mama ta buga cokali a tebur. A kan "Kada Ka Rako Ni" kaɗai ba mu taɓa saɓawa ba.

Wannan Shuzon ne ya tafi Tokyo aikin kamfani. Bayan wasu shekaru ya dawo da jaka ɗaya, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya ce ya gaji zai ɗan kwanta. Ya hau bene ya ja ƙofar ɗakinsa. Shekara ta fi goma yanzu yana wannan ɗan kwanciyar.

Baba ya riga ya rasu a lokacin. Mama ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, daga baya ta koma kai abinci. Da maƙwabta suka fara tambaya, ta ce an mayar da shi reshen Sendai. Daga nan Shuzo ya zama mutumin Sendai. Ranar da aka taru a falonmu don addu'ar Mama, malamin haikali yana karatu, katakon sama yana ƙara a kan kawunanmu, taku ɗaya can, taku ɗaya nan, baƙi kuwa suna ce min, "Aiki ya hana shi zuwa ko? Kamfanonin yanzu ba su da imani." Ina sunkuyar da kai ina ba su haƙuri a madadinsa.

Na gaji gidan, na gaji ƙaryar, na gaji tiren abinci. Ina suyar kifi da ƙwallon dankali a bayan babban kanti, in tashi ƙarfe huɗu in dawo da warin mai a gashina. Yana saukowa wanka in ba na nan, da jiƙaƙƙen tawul nake ganewa. In ajiye tire a bakin ƙofarsa, in dawo in tarar da kwanuka wayam. Muryarsa kuwa na manta yadda take. Wani lokaci in na matsa wa kaina sai na tuna, ta mawaƙin Ruwan Talata nake ji a madadinta.

Bayan rasuwar Mama ne aka fara sa waƙar a lasifika. Ranar farko ina gindin matakala, tire a hannu, shinkafa da miya da gasasshen kifi, na ji ta. Na tsaya don na gane ta. Ƙararrawar ta bi ta a hankali har wurin "in kana nan", ta ɗauke. Shirun ya zo, ya yi tsawo, ya fara ciwo. Sai daga sama, a kan katako, na ji dum, dum.

Rabin miyar ya zube a tire. Na tsaya kamar an dasa ni har kiɗan ya ƙare, sannan na koma na sake zubo wata.

Washegari ma haka, kashegarinta ma haka. Bai taɓa yin sauri ba, bai taɓa makara ba. Ban taɓa yi masa maganar ba, ina tsoron in na nuna na ji ya daina. Ban kuma taɓa taya shi ba, don kullum hannuwana suna riƙe da tire.

Wani zai ce me ke cikin bugun katako. Cin abinci ko kyanwa tana yi, wanka ma haka. Bugun nan ne kaɗai abin da Yaya yake yi wanda ba don cikinsa ko jikinsa ba, shi ne kaɗai shaidata cewa mutumin da ya kai ni Sendai yana nan a ɗakin. Ina son bugun nan fiye da duk abin da na mallaka. Saboda shi nake ƙin aikin yamma ko an roƙe ni. Wani direban motar kifi, mutumin kirki mai sanƙo, ya taɓa cewa mu je mu sha kofi in ya gama sauke kaya, wajen biyar. Na ce ina da uzuri. Ya sake tambaya sau ɗaya, bai ƙara ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Ƙarshen hunturu Gwaggo Sumie ta shigo da labari. Maƙwabciyarmu ce, bango da bango, ta haura tamanin, ta binne miji, bakinta kuma bai tsufa ba. Ta kawo min kayan tsaminta, ganyayyakin da take jiƙawa a gishiri, a roba kamar yadda ta saba, ta zauna a bakin ƙofa ba ta ko cire takalmi ba.

"Chizuru, kin ji za su canja mana waƙar biyar?"

"Su wa?"

"Su wa kuwa, masu kwat mana. Wai shugaban gari ne ya zauna ya saurari kalmominta, ya ce matasa na guduwa Tokyo, mu kuma kullum muna kaɗa musu waƙar shiga jirgi. Sai ka ce waƙa ce ta rufe masana'antar kifi."

"Wacce za su sa?"

"Ta yaran nan dai, wadda ake tallan lemo da ita. Asabar za a zauna a ɗakin taro." Ta dube ni ta gefen ido. "Za ki je?"

Na ce zan je.

Na san wadda take nufi, "Takalmin Bazara". Ita duk ƙasar ta sani, ita ake sawa a bikin aure, ita 'yan ofis ke rerawa in sun sha sun yi tatil. Da, in Yaya ya ji ta a rediyo kashewa yake, ya ce ranar da mai gidan haya ya ƙwanƙwasa musu ƙofa suka rubuta ta. Ba muguwar waƙa ba ce, in za a faɗi gaskiya. Amma daga farkonta har ƙarshe tsalle take yi, babu inda take tsayawa ta ja numfashi.

Ranar Asabar muka zube takalma a ƙofar ɗakin taro, muka durƙusa a kan matasai, murhun kananzir yana huci a tsakiya. Ana zuba shayi matar mai wanki ta leƙo ta kafaɗata.

"Ina labarin Shuzo? Har yanzu Sendai?"

Na ce har yanzu. Ta ce ya kyauta, aiki ya fi zama.

Ofishin gari sun turo Narita, wani ma'aikaci mai kwat ruwan toka da ke sunkuyawa kafin kowace magana da bayanta. Ya kunna mana waƙoƙin biyu a waya. Ya ce an bincika, sabuwar ta fi farin jini a duk faɗin ƙasa, baƙi masu yawon buɗe ido za su gane ta da sun ji.

"Waɗanne baƙi?" in ji Baba Kosaka, tsohon masunci. "Bara baƙo ɗaya na gani, shi ma hanya ya ɓata."

Aka yi dariya. Narita ya sunkuya ya ce, "To Baba, wacce ka fi so?"

"Ni? Ku sa kukan hankaka in kun ga dama. Kunnen nan ya riga ni yin ritaya."

Aka sake dariya, kowa ya saki jiki. Duk mun san yadda ake yi. An riga an bi manyan unguwa gida-gida an gama magana, taron na shan shayi ne. Duk da haka na ɗaga hannu. Ban taɓa magana a ɗakin nan ba, sai kawuna suka juyo gaba ɗaya.

"Tsohuwar ta fi," na ce.

"Mun gode, Malama Hosaka," in ji Narita. "Ko za ki taimaka mana da dalili?"

Dalilin yana bakina. Yayana ba ya Sendai, yana saman gidanmu, kuma waƙar nan ce kaɗai take shiga ɗakinsa ta fito da amsa. Iyakar maganar ke nan. Amma Mama ta ɗauki shekaru tana gina ƙaryar nan, ta mutu tana riƙe da ita, ga kuma matar mai wanki ta zuba min ido, kofi a hannu.

"Mun saba da ita," na ce.

"Gaskiya ne, gaskiya ne." Ya sake sunkuyawa. "Za mu isar da ra'ayinki."

Shugaban unguwa ya gyara murya ya ce tunda an ji ta bakin kowa, masu amincewa su nuna da tafi. Ɗakin ya kaure. A wurinmu hannun da bai tafa ba ya fi wanda ya tafa ƙara, kowa zai gan shi, kowa zai kai labarinsa gida ya ci abinci da shi. Ban yanke shawarar komai ba. Na dai duba ƙasa na ga hannuwana suna haɗuwa da kansu, a hankali, cikin ladabi, kamar na kowa.

Ranar ɗaya ga Afrilu, ranar da komai na hukuma yake sabuntawa, na tsaya a gindin matakala da tire. Biyar ta buga. "Takalmin Bazara" ta fito da tsallenta, ta yi ta ƙare. Na ci gaba da tsayuwa kamar sokuwa har tururin shinkafar ya daina tashi. Ba abin da ya motsa a sama.

Tire ya ci gaba da dawowa, amma ba wayam ba. Yau an bar rabin kifi, gobe shinkafar ba a taɓa ba. Takun da nake ji a katako ya ragu, tawul ma sai in dawo in tarar da shi a bushe. A kanti abokan aikina suna juya kifi a mai suna rera waƙar lemo, wai ta fi sa nishaɗi. Ɗaya ta ce min, "Ke ba 'yar gani-kashe-ninsu ba ce? Ki yi murna mana." Na ce ina yi a ciki.

Na ce wa kaina ai abu ne mai sauƙi. Na tono tsohon faifan daga kwali, na ajiye rediyo mai faifai a kan matakala, ina jin lasifika ta yi shiru na kunna "Kada Ka Rako Ni" da ƙarfi. Aka zo wurin, ta ɗauke, shirun ya zo ya wuce, jita ta dawo. Ba bugu. Ranar yadda na kai tiren haka na ɗauko shi, washegari ma haka. Sai na gane abin da na yi. Lasifika ba da shi take ba, da gari take magana, shi ya sa yake iya amsa mata. Ni kuwa na zo ƙofarsa na tsaya ina cewa yi min. Duk wanda ya taɓa ce wa Yaya yi, tun daga shugabanninsa na Tokyo har Mama, shiru ya samu. Na mayar da faifan kwali.

Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Na hau na tsaya a ƙofarsa. Ƙofar ba ta da makulli, takarda ce da siririn katako, ɗan yatsa ma zai huda ta. Na ɗora hannu a kanta, ina so in fizge ta in ce masa, kai, na tsufa a gindin benen nan, gashina ya yi furfura yana warin man suya, bugu biyu ma sun fi ƙarfinka? Ina jin numfashinsa daga ciki, shi ma ya san ina nan. Na ɗauke hannuna na sauko na wanke kwanuka.

Na kira ofishin gari. Narita ya yi ta ba ni haƙuri har sai da na ji sunkuyawarsa ta cikin waya. Ya ce unguwanni duk sun amince, har da tamu, amma ana iya sake duba maganar a taron baɗi.

Wata Lahadi ina shanya a bayan gida, Gwaggo Sumie tana tsugune tana shuka albasa a ɗaya gefen shinge. Ba ta ɗago ba ta ce, "Na daina jin bugun nan."

Na riƙe rigar da ke hannuna, ruwa yana ɗiga a ƙafata. "Wane bugu, Gwaggo?"

"Haba Chizuru. Bangon gidajen nan in kika yi tari sai in ce miki sannu. Da shi nake ɗora tukunya. Dum, dum, in tashi in kunna wuta. Yanzu sai rana ta faɗi ban sa komai a baki ba."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da ya sauka daga jirgi da jakarsa. Wa bai sani ba? Matar mai wanki ta sani, Kosaka da ba ya ji ma ya sani. Uwarki ta ce Sendai, muka ce Sendai. Me kike so mu ce mata, ƙarya kike?"

Fuskata ta ɗau zafi, kunya da haushi suka haɗu min wuri ɗaya. Shekaru ina sunkuyar da kai ina gadin abin da yake shanye a fili kamar wankin nan. Haushin ne ya riga fita.

"Kin sani, kin san amfanin waƙar, kika zauna kika tafa?"

Sai ta ɗago. Ta share hannu a gaban rigarta ta dube ni sosai.

"Ke nake kallo. Na ajiye hannuwana a cinya, na ce in yarinyar nan ta ƙi, ni ma na ƙi, in ga wanda zai tsallake tsohuwa. Matar mai wanki ma ke take kallo. Sai muka ga kin tafa. Na ce to, ita ta fi ni sanin gidanta."

Ta koma kan albasarta, ta tona rami da yatsa, ta binne ɗaya.

"Anjima zan kawo miki kayan tsami," ta ce. "Na kabeji yake so, tun yana yaro."

Da yamma na haɗa tire kamar kullum, na sa masa kabejin Gwaggo a ƙaramin kwano. Biyar ta buga, waƙar lemo ta yi tsallenta ta ƙare. Na kai rabin matakala sai ƙafafuna suka ce sun gaji. Na ajiye tiren a gefena na zauna, na ba sama baya, ina kallon takalmansa a bakin ƙofa, nan inda ya cire su, waɗanda nake gogewa duk sabuwar shekara.

Ba don shi na fara ba, na riga na cire rai. Kaɗaici ne ya cika min ƙirji na rasa inda zan kai shi, sai na ji ina rera ta ƙasa-ƙasa. Muryata ba ta waƙa ba ce, ko a makaranta layin baya ake tura ni. Na bi mutumin da jakarsa zuwa tasha, na bi shi yana roƙon kada a rako shi, inda kalmomi suka ɓace min na cike da hanci. Na zo "in kana nan", na ɗauke.

Gidan ya yi tsit. Ban taɓa sanin tsawon shirun nan ba sai ranar, don da can wani ne yake ɗauke da shi, ni sauraro ne nawa. Na san ba za a buga ba. Yau kuma babu komai a hannuwana. Na kasa jurewa, na tafa, tas, tas.

Sai na ji motsi a bayana, can sama. Aka yi gyaran murya, irin na wanda ya daɗe bai yi aiki da maƙogwaronsa ba. Muryar ta fito ta cikin takardar ƙofa, a dishe, ta tsufa, amma tasa ce, ina jin ta na gane ta.

"Kin yi sauri."

Ban juya ba.

"Har yanzu, Chizu," ya ce. "Har yanzu."

Maganganu da yawa suka taso min, fito, sauko, buɗe in gan ka. Na haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Na share fuska da hannun riga, na jira muryata ta tsaya.

"A tasha ka tsince ni," na ce. "Me kake tsammani?"

Wani sauti ya fito daga ɗakin, ko tari ne ko dariya, ban sani ba. Ƙofar dai ba ta motsa ba. Na daɗe a zaune har miyar ta huce, sannan na ɗauki tiren na kai bakin ƙofar na ajiye a hankali, na sauko na ci nawa ni kaɗai a gaban hoton Mama. Da na koma ɗauka, ya cinye shinkafar da kabejin, ya bar kan kifin kamar yadda ya saba.

Na san daidai inda tafin nan yake faɗuwa. Shekaru ina jin sa daga gindin matakala, ko daga barci aka tashe ni zan kawo shi daidai. Gobe in waƙar lemo ta ƙare zan zauna a wurin nan, in ba shi baya, in sake yin sauri.